Hunturu a kan babur: Yadda ake kare fuska daga iska da ƙura tsakanin Gummi da Anka

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, duk wanda ya yi sammako daga Gummi a kan babur ya nufi Anka ya san cewa fuska ce ke fara kokawa. Ƙirji yana cikin rigar sanyi, ƙafa tana cikin safa, hannu ma ana iya cusa shi a aljihu idan mutum fasinja ne. Hanci da leɓe da kunci da kunnuwa kuwa su ne a waje, su ke karɓar iskar tun daga bakin tasha har inda za a sauka. Kafin a kai Daki Takwas hawaye sun zuba sun bushe, leɓe ya fara tsagewa, gira da gashin ido sun yi fari fat, kuma idan mutum ya buɗe baki zai amsa gaisuwa sai ya ji kamar an ɗaure masa muƙamuƙi.

A ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum babur ne abin hawan yau da gobe. Shi ke kai ɗan kasuwa ƙauyen da mota ba ta shiga, shi ke kai malamin makaranta da ma'aikacin lafiya bakin aiki, shi ke ɗauko mai naƙuda. Saboda haka kare fuska a lokacin ɗari ya wuce batun kwalliya. Ya shafi ido da hanyar numfashi da lafiyar yara, kuma a wannan yanki musamman ya shafi wasu abubuwa biyu da mutanen wasu wurare ba sa tunani a kansu: ƙurar dalma da shingen jami'an tsaro.

Inda iskar ke fitowa

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe samaniya yana tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wato gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da, wanda ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar wurin, wadda yawancinta ɓurɓushin ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a ƙasan tafkin. Masana suna lissafa wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani ɓangarenta yana tsallake tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Farin da ke kwanciya a gashin idon ɗan acaɓa a Nasarawar Burkullu ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ya same shi.

Iskar ba ta ɗauke da laima. Shi ya sa ƙasa ke saurin sakin zafin da ta sha da rana da zarar duhu ya yi, sanyi ya yi ta ƙaruwa har zuwa dab da fitowar rana, wadda a watan Janairu takan fito wajen ƙarfe 7 a wannan yanki. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 na Salshiyas da asuba, sa'an nan ya haura 30 da azahar. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka takan gangara ta kwanta a kwari. Wannan ne dalilin da mai babur kan ji kamar an watsa masa ruwan randa idan hanya ta gangara kusa da fadamun gulbin Zamfara, sa'an nan ya ji sauƙi idan ya hau tudu.

Lokacin da sanyin ya fi tsanani shi ne kuma lokacin da aka fi kama hanya. Matsalar tsaro ta sa tafiyar dare ta zama ganganci, kuma gwamnatin jihar ta sha taƙaita zirga-zirgar babura da dare, kamar yadda ta yi a watan Satumban 2021 lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan sadarwa. Mai son ya je ya dawo da sauran rana dole ya fita da sanyin safiya.

Abin da gudu ke ƙara wa sanyi

Digiri 14 ba sanyin da zai kashe lafiyayyen mutum ba ne. Abin da ke gallabar mai babur shi ne motsin iska. Fatar mutum tana ɗumama wata siririyar iska da ke manne da ita, kuma wannan iskar ita ce rigar farko ta jiki. Idan mutum yana zaune a zaure tana nan tare da shi. Idan yana gudu a kan babur ana share ta a kowace daƙiƙa, jiki ya yi ta ɗumama sabuwa ana ɗauke masa.

Waɗanda suka fara auna wannan su ne Paul Siple da Charles Passel, Amurkawa biyu da suka yi aiki a yankin ƙanƙara na Antatika a 1940. Sun riƙa rataye ruwa a cikin robobi a waje suna duba tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare gwargwadon ƙarfin iska. A 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka sake lissafin, wannan karon suka gina shi a kan fuskar ɗan'adam, domin ita ce ke zama a buɗe ko mutum ya rufe ko'ina. Bisa wannan lissafi, idan ma'auni ya nuna digiri 10 kuma iska na bugun fuska da gudun kilomita 60 a awa, fatar za ta ji kamar ana digiri 5. Masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai da Amurka ta Arewa suna shan wannan azaba ƙwarai: idan ana digiri 20 ƙasa da sifili kuma mutum na gangarowa daga dutse da gudun kilomita 40 a awa, fuskarsa na jin kamar digiri 34 ƙasa da sifili, kuma fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A Zamfara fata ba ta daskarewa, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma dabarun da waɗancan mutane suka koya da wahala suna da amfani a nan.

Akwai wani abin lura game da hanyar kanta. Gummi tana yamma da Anka da kimanin kilomita 90, kuma titin ya miƙe ne daga yamma zuwa gabas har ya haɗu da babban titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci. Tunda hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, mai tafiya daga Gummi ko Bukkuyum zuwa Anka da Gusau yana fuskantar iskar ne kusan gaba da gaba, gudunta ya haɗu da nasa. Mai komawa yamma kuwa iskar na bayansa. Ma'aikacin da ke zuwa Gusau da safe ya dawo da yamma ya fi buƙatar kariya a tafiyar zuwa.

Ana yawan cewa rabin ɗumin jiki ta kai yake fita. Wannan ba haka ba ne. Kai da fuska suna fitar da kimanin kashi 10 cikin ɗari, daidai da girmansu a jiki. Abin da ya bambanta fuska shi ne yawan jijiyoyin ji da ke cikinta. Idan ta yi sanyi jijiyoyin jini kan tsuke, hawan jini ya ɗan tashi, kuma ga mai asma hanyar numfashi na iya matsewa. Dattijo mai hawan jini da mai asma da mai sikila, wanda sanyi da bushewar jiki kan tayar wa ciwo, su ne suka fi buƙatar rufe fuska ko da tafiyar gajera ce.

Rawani da abin da ya biyo bayansa

Hausawa da maƙwabtansu ba su jira kowa ya koya musu rufe fuska ba. Amawalin da ke tare bakin basarake a fadar Sarkin Zamfaran Anka alama ce ta sarauta a yau, amma aikinsa a kan doki cikin ƙura a bayyane yake. Buzaye, waɗanda rayuwarsu gaba ɗaya a cikin wannan iskar take, suna naɗa rawani mai tsawon kamu da yawa su bar ido kawai, kuma shekaru aru-aru marinan garin Kura ta Kano ne ke rina musu baƙin turkuɗin da suka fi so. Fatake da makiyaya duk da rawani suke shiga daji. A Turai kuwa hular da ke rufe kai da wuya ta bar ido, wadda masu zamiyar ƙanƙara ke sa wa a ƙarƙashin hular kwano, ta samo sunanta ne daga garin Balaklava, inda sojojin Ingila suka sha sanyi a yaƙin Kirimiya a 1854 har aka riƙa saƙa musu huluna ana aikawa daga gida.

Sirrin rawani yana cikin ninki. Yadi marar kauri da aka naɗa sau uku ko huɗu yana riƙe iska a tsakanin ninkin, kuma wannan iskar da ke tsaye ita ke hana sanyi shiga, numfashi kuma yana fita ba wahala. Mayafi guda mai kauri da aka ɗaure tamau bai kai shi ba. Masu zamiyar ƙanƙara ma haka suke yi: siririn abu a jikin fata, sa'an nan wani mai tare iska a waje.

Babban abokin gabar kowane abin rufe fuska shi ne jiƙewa. Numfashin mutum cike yake da tururi, kuma bayan rabin awa ɓangaren da ke kan baki ya yi laima. Ruwa yana ɗauke zafi daga fata fiye da iska ninki ashirin da wani abu. A ƙasashen ƙanƙara wannan laimar daskarewa take yi, ƙyallen ya zama kamar allo a kan baki. A nan kuwa bushewa take yi da sauri, amma a wajen bushewar ne take sanyaya fata, kamar yadda jikin tulu ke tsatsar ruwa iska ta busa shi ruwan ciki ya yi sanyi. Maganin mai sauƙi ne: a riƙa juya rawanin idan an tsaya, busasshen gefe ya koma kan baki, kuma a yi ƙoƙarin shaƙa ta hanci, wanda aikinsa ne ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu. Auduga tana shan ruwa ta riƙe. Ulu da yadin roba irin na rigunan sanyin gwanjo sun fi ta saurin sakin laima. Mai tafiya mai nisa zai amfana da ƙyalle na biyu a aljihu.

Wannan bayani ya shafi alwalar Asuba. Mutum ya wanke fuska, ya yi salla, ya hau babur da sauran damshi a gemu da bayan kunne: ya mai da fuskarsa tulu ke nan. Malaman Malikiyya ba su ga laifin goge gaɓoɓi da ƙyalle bayan alwala ba, don haka a tsane fuska sosai kafin a fita.

Kunne ne aka fi mantawa. Kitsensa kaɗan ne, jininsa ma kaɗan ne, kuma ya fito waje. Hular zanna ko ƙube ba ta taɓa shi. Hular sanyi ta saƙa da aka ja har ƙasan kunne, ko haɓar kada da aka sauke fukafukanta, sun fi dacewa da hanya. A sa hular ado a leda har sai an isa ofis.

Ido kuma ba a rufe shi da yadi. Iska na sa shi hawaye, ƙura ta manne a hawayen, mutum ya murza da bayan hannu ya ƙara masa rauni. Tabarau mai faɗi da ke tare gefe shi ne magani, fari da asuba, baƙi idan rana ta ɗaga. Baƙin tabarau cikin hazo kafin gari ya waye haɗari ne. Idan mayafi ya rufe hanci amma bai kwanta a kan karansa ba, tururin numfashi zai hau sama ya dusashe gilashin. Masu zamiyar ƙanƙara suna fama da wannan ƙwarai, kuma abin da suke yi shi ne matse ƙyallen a karan hanci su bar shi sako-sako a haɓa, domin numfashi ya bi ta ƙasa.

Duk wannan dabara ce ta cike gurbin abu guda da ya haɗa aikin gaba ɗaya, wato hular kwano mai gilashi. Tana tare iska daga goshi zuwa haɓa, ta rufe kunne, ta kare ido. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, kuma har yau ana tuna yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙoƙo a ka don kauce wa tara. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a hatsarin babur da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Mutane na ƙin ta saboda zafi da kuma ƙyamar sa abin da wani ya sa. A hunturu dalilin farko ya faɗi, na biyu kuma siririyar hula a ciki tana maganinsa. Ma'aikacin da yake da babur nasa ba shi da uzuri mai ƙarfi.

Jelar rawani ko gefen hijabi da ke reto kusa da tayar baya na iya shiga cikin waya ko sarƙa ya fizgo mutum ta wuya. Ana samun irin wannan hatsari a garuruwan Arewa, kuma ba sabon abu ba ne a duniya: haka shahararriyar mai rawa Ba'amurkiya Isadora Duncan ta mutu a birnin Nis na Faransa a 1927, lokacin da dogon gyalenta ya naɗe a tayar mota. Kafin babur ya tashi a cusa jelar cikin riga, mace kuma ta tattara hijabinta ta zauna a kai.

Mai yana hana tsagewa, ba ya ɗumamawa

Man kaɗanya da basilin da man gyaɗa suna aiki guda: suna shimfiɗa wani siririn shinge da ke hana ruwan cikin fata tserewa zuwa busasshiyar iska. Sun fi amfani idan an shafa su bayan wanka ko alwala, fata tana da ɗan taushi, kuma a ba leɓe da gefen hanci da saman kunci kulawa ta musamman. Lasar leɓe na ƙara tsaga shi, domin yawu na bushewa ya tafi da sauran man da ke wurin. Ruwa mai zafi ƙwarai da sabulu mai kaifi suna wanke man da fata ke yi wa kanta. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Masu shafa man bilicin su sani cewa da yawa daga cikinsa yana sa fata ta yi siriri, kuma irin wannan fatar ce hunturu ke fara fasawa.

Sai dai mai ba riga ba ne. Wani bincike da aka yi a kan sojojin ƙasar Finlan, aka wallafa a 1995, ya duba ɗaruruwan matasan da sanyi ya ƙona wa fuska da kunne, ya gano cewa waɗanda suka shafa man kariya sun fi kamuwa, haka ma waɗanda ba su sa hula mai rufe kunne ko mayafin wuya ba, da waɗanda aka ɗauka a buɗaɗɗiyar mota. Man yana sa mutum ya ji kamar ya karu, sai ya bar fuskarsa a buɗe. A Zamfara mai yana da amfani saboda bushewa ce babbar matsala, amma wanda ya lafta shi ya hau babur ba tare da ya rufe ba zai isa da fuska mai sanyi wadda ƙura ta manne mata kamar an yi yaɓe. Man zafi mai kafur kuwa jin ɗumi kawai yake bayarwa, ba ya ƙara wa fata zafi, kuma likitoci suna hana shafa shi a hancin jarirai.

Haɓo yakan yawaita a wannan lokaci saboda cikin hanci ya bushe ya tsage. Idan ya zo, mutum ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan ɓangaren hanci na minti goma. Ɗaga kai sama, kamar yadda aka saba, yana tura jinin ne zuwa maƙogwaro.

Ƙurar da ba a kai ta gida

Yadi yana tare manyan ƙwayoyin ƙura, amma mafi ƙanƙanta, waɗanda ke shiga can cikin huhu, suna ratsa shi. A ranar da Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya ta yi gargaɗin hazo mai kauri, irin wanda ba a hango abin da ya wuce kilomita ɗaya, mai asma ko ciwon zuciya zai fi samun kariya da takunkumi nau'in N95, wanda aka yi don tace kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyi, muddin ya kwanta a fuska ba tare da kafa ba. Ana iya naɗa rawani a kansa saboda ɗumi. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa sanƙarau ke ɓarkewa a rani. Annobar 2016 zuwa 2017, wadda ta kashe fiye da mutum dubu a Najeriya, daga Zamfara ta faro. Rufe hanci na taimakawa, amma allurar rigakafi ce kariyar gaske.

A Anka da Bukkuyum akwai wata ƙura dabam. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, aka kuma tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a bushe, wani lokaci a cikin gidaje. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje da tituna, aka kammala da Bagega a 2013. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024.

Dalma ba ta da wari, ba a kuma ganin ta, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da take shiga gida ita ce tufafi. Rawanin da ya kare mutum a wurin niƙa ya zama matattarar ƙurar. Ba mahaƙa kaɗai abin ya shafa ba: ɗan acaɓar da ke ɗaukar buhunan dutse, da mai sayen zinare, da mai kai abinci ko ruwa wurin, duk suna komawa gida da ita a wuya. Idan aka rataye ƙyallen a ɗaki, ko aka kakkaɓe shi a tsakar gida inda yaro ke rarrafe, ko aka lulluɓe jariri da shi saboda sanyi, an kai gubar inda ta fi yin ɓarna, domin jikin ƙaramin yaro ya fi na babba shan dalma, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ƙyallen wurin aiki a cire shi kafin a shiga gida, a sa a leda, a wanke shi dabam da kayan iyali, ruwan wankin kuma a zubar nesa da inda yara ke wasa. A wanke fuska da hannu kafin a ɗauki yaro ko a ci abinci.

Shinge da ƙofar gari

'Yan bindigar da suka addabi yankin a kan babura suke zuwa, kuma sau da yawa fuskokinsu a naɗe. Wannan ya ɓata wa rawani suna a hanya. Sojoji da 'yan sanda da Askarawan Zamfara da ke tsaron shinge suna kallon babur mai ɗauke da mutum biyu ko uku da ido kawai a waje da wani irin kallo, haka ma mutanen ƙauyen da aka taɓa kai wa hari. Saboda haka ana zaɓen abin rufe fuskar da hannu ɗaya zai iya saukewa. A rage gudu tun daga nesa, a sauke shi zuwa haɓa, a ɗaga gilashin hular kwano ko a cire tabarau, fasinja ma ya yi haka, kuma kada a kai hannu aljihu sai an ce. Hular nan baƙa mai ramin ido, wadda ake samu a gwanjo, ita ce mafi ɗumi kuma ita ce mafi muni a wannan hanya. Baƙon da zai shiga ƙauye ya buɗe fuskarsa tun kafin ƙofar gari, ya yi sallama da murya.

Yara

Yadda ake jera iyali a kan babur yana sa mafi ƙanƙanta a wuri mafi sanyi. Yaron da aka ɗora a kan tanki shi ne garkuwar mahaifinsa, iskar duka a fuskarsa take sauka, ga shi jikinsa ya fi saurin rasa ɗumi kuma ba lallai ya yi ƙorafi ba. Wurinsa tsakanin manya biyu ne, fuskarsa a jingine da bayan direba, da hula har kunne. Jaririn da ke goye kuwa haɗarinsa na kishiyar wannan ne: uwa ta lulluɓe shi da zane da hijabi mai kauri har iska ta gaza isa hancinsa. A rufe kansa da kunnuwansa, a bar wa hanci sarari, a riƙa dubawa idan an tsaya.

Idan an isa, ana ɗumama fuskar da ta yi sanyi da tafin hannu ko ruwa mai ɗumi. Fatar da sanyi ya kashe wa ji ba ta gane zafin wuta da wuri, don haka kusantar da ita ga garwashin mai shayi na iya ƙona ta, hayaƙin taya da leda da ake ƙonawa a tasha kuma ya fi hazon da aka gudo wa illa. Wanda bakinsa ya karkace ko gefen fuskarsa ya saki bayan tafiya, kada a ce iska ce ta buge shi a tsaya shafe-shafe. Yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki, kuma asibiti ake kai shi nan take.

Ɗan kasuwa ko ɗalibi ko ma'aikacin da tafiya ta kai Rasha ko Kanada ko arewacin Sin a watan Janairu zai tarar da sanyin da bai da wannan rangwame. A can alamar farko ta daskarewar fata ita ce wuri ya daina ji, ya yi tauri, launinsa ya koɗe ya koma toka-toka, galibi a kan hanci ko kunci ko leɓen kunne, kuma mai shi ba ya sani sai abokin tafiya ya gaya masa. Ba a murza wurin, ba a goga masa ƙanƙara, ba a kai shi kusa da wuta. Ana shiga ɗaki a ɗumama shi da hannu ko ruwa mai ɗumin jiki, kimanin digiri 37 zuwa 39, idan kuma ya yi ƙuraje masu ruwa ko jin bai dawo ba a nemi likita.